Ƙwallon mamaki na yara: leda ta fi kaya yawa

Gaskiya ƙwallon mamakin nan da ake saidawa a butik-butik na babbar kasuwar Maradi bai kai kuɗinshi ba. Jikka guda na ba da saboda ɗiyata, sai ɓare leda muke, leda cikin leda, ga kwalbar roba ga takarda, a ƙarshe 'yar tsana ce da ba ta kai ɗan yatsa ba. Tsanar dai tana da kyau, ba ƙarya. Amma da yake ba ka sanin abin da ke ciki yaro sai ya ce a ƙaro, wata rana ma iri ɗaya za ku samu. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana leda, amma ga shi awakinmu na ci suna mutuwa, sauran kuma ta toshe magudanan ruwa da damina. Ni kam ba na sakewa wallahi.