Babbar matatar tankin kifi a garin da wuta ba ta da tabbas

Matatar da nake magana a kai irin wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin tanki ce, mai murfi da makullai huɗu, tiyo ɗaya na zuƙo ruwa, ɗaya na mayarwa. Ƙirar China ce. Na saye ta a wani shagon kifin ado a wajejen Sabon Gari a Kano saboda tankina na falo mai cin lita 200, da ke ɗauke da ƙananan kifayen gufi da moli da 'yan kifin anjal, masu faɗin jikin nan da dogayen fuka-fukai. A jikin kwali an rubuta tana juya lita 1,000 a awa. Abin da masu kiwon kifin ado suka saba bi shi ne matata ta juya ruwan tanki sau 4 zuwa 6 a awa, don haka a takarda lissafi ya fita.

A takarda kawai. Da na cika ta da soso da auduga da zobbunan tangaran, sai na saka tiyon fita a jarkar lita 20, ina kallon agogo. Kusan minti biyu ta ɗauka kafin ta cika, wato wajen lita 600 a awa. Ban kira wannan ha'inci ba, domin kamfanoni kan auna ƙarfin ne matatar ba komai a cikinta, babu soso babu dogon tiyo. Amma mai saye ya sani: ya rage fiye da kashi ɗaya bisa uku daga abin da ke kan kwali, kuma in auduga ta fara toshewa abin zai ƙara sauka.

Duk da haka, aikin tacewa tana yin sa. Ruwan da a da yake da ɗan hazo-hazo ya koma garau, har ƙwayar tsakuwar da ke jikin gilashin baya kana gani. Ƙararta kuwa sai dare ya tsala kake jin ɗan gurnani. A nan ba ni da ƙorafi.

Matsalar farko ƙarfin fitar ruwan ce. Bakin bututun da ta zo da shi feshi yake yi waje guda, sai na ga anjal sun taru a lungu ɗaya sun karkace, suna fama da igiyar ruwa, abinci na wuce su. Asalinsu daga yankin Amazon ne, inda suke zama a ruwa mai tafiya a hankali cikin saiwoyi da ciyayi, kuma faɗin jikinsu na sa ruwa ya riƙa tura su. Maganin yana cikin kwalin: wani dogon bututu mai ƙananan huji a jere. Na ɗaura shi ƙasa kaɗan da saman ruwa, hujin na kallon sama-sama, ƙarfin ya rarrabu, saman ruwan na motsi a hankali. Wannan motsin shi ne abin nema, domin ta saman ruwa iskar oksijin ke shiga. In za a rage gudu, a rage a makunnin tiyon fita. Matse na shiga yana wahalar da farfelar da ke tura ruwa a cikin matatar. Bakin zuƙowa kuma na rufe shi da guntun soso, in ba haka ba 'ya'yan gufi a cikin matata za ka tsince su.

Babbar maganar ita ce wuta. Ainihin aikin matata ba kama datti ba ne. Kifi na fitar da amoniya, ruɓaɓɓen abinci ma haka, ita kuwa amoniya guba ce. Akwai bakteriya da ke zama a jikin soso da tangaran, wasu su mai da amoniya naitirait, wasu su mai da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ana rage shi ta canjin ruwa. Kafin waɗannan halittu su kafu a sabuwar matata sai an yi mako 4 zuwa 6. Kuma da oksijin suke rayuwa. To ita wannan matata a rufe take ruf. Da an ɗauke wuta ruwa ya tsaya, iskar da ke ciki ta fara ƙarewa. In abin ya ɗauki sa'o'i masu yawa, ruwan ciki ya lalace, da wuta ta dawo kuma sai ta kwararo shi gaba ɗaya kan kifi. Na taɓa buɗe ta bayan dogon rashin wuta, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni tun kafin murfi ya gama ɗagowa. Tun daga nan, in wuta ta daɗe ba ta zo ba, ina zare filogi, in zubar da ruwan cikinta kafin in kunna.

Da na koma shagon na faɗa wa mai shi, sai ya yi dariya ya ce, “Alhaji, ai wannan ta masu sola ce.” Na ce, “Malam, da ka faɗa tun farko.” Ya ɗauko min matatar soso, wadda famfon iska ke tafiyar da ita, da ɗan famfo mai batir a ciki wanda ke ci gaba da aiki in wuta ta tafi, ana kuma caja shi da wayar USB. Kuɗinsu duka bai kai rabin na babbar ba. Ba ta da kyan gani, baƙin dunƙule ne a lungun tanki yana fitar da kumfa, kuma ba ta goge ruwa kamar babbar. Amma tana cikin tankin a buɗe, bakteriyarta na samun iska dare da rana. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ita ce ta riƙe min kifi. Kifin ƙasashen zafi sun fi son digiri 24 zuwa 28, ruwa kuwa in ya yi ɗumi iskar da yake riƙewa raguwa take yi, daidai lokacin da kifin ke ƙara buƙatarta. In ka ga sun taso sama suna haki, rashin iska ne ba yunwa ba. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa na sauke zafin da digiri biyu ko uku, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri.

Hunturu kuma da nasa: dare na sanyi har sai an sa hita, ƙura na yin yana a saman ruwa in tankin ba murfi, auduga ta yi ja da wuri.

Wankin matatar akwai ɗan jidali, sai an cire tiyo an ɗauke ta zuwa banɗaki. A cikin ruwan da aka ɗebo daga tanki ake matse soso. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, wanda ke kashe bakteriyar da ka yi makonni kana reno. Na 'yan garuwa ma ba ka san inda aka ɗebo shi ba, shi ya sa nake ɗiga masa maganin kulorin kafin ya shiga tanki. Na burtsatse galibi ba kulorin, kuma in mai nauyin ma'adinai ne gufi da moli sun fi jin daɗinsa. Gawayin tace ruwa da matatar ta zo da shi 'yan makonni yake yi ya daina aiki, ni dai na cire shi na ƙara tangaran a gurbinsa.

Mai inbata ko sola a gida ya saya, ba ta cin wuta sosai, kuma zai ji daɗinta. Wanda ya dogara da wutar layi ya fara da matatar soso da famfo mai batir, in ya so daga baya ya ƙara babbar don kyan ruwa. Kafin a biya kuɗi kuma a tambayi mai shago ko yana da farfela da robar murfi na canji. Tawa robar ta fara ɗigar da ruwa, har yanzu ban samu daidai ita a kasuwa ba, man silikon nake shafa mata duk lokacin da na buɗe.