Wasiƙa daga Minesota zuwa Bauchi: yadda jami'a ke ɗaukar nauyin binciken ƙwayoyin gado

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kuna lafiya, da iyali da ɗalibai. Kun ce in rubuto muku abin da na tarar a nan na binciken ƙwayoyin gado na tsirrai da dabbobi da ƙwayoyin cuta, ku karanta wa 'yan ajin ƙarshe. To ga shi, gwargwadon abin da idona ya gani.

Ɗakin gwajin da nake aiki ba shi da injin karanta DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin duk mai rai. Na san wannan zai ba yara mamaki, don a gida muna ɗauka kowane farfesa a Amurka yana da nasa a kulle. Jami'ar Minesota cibiya guda ta yi, ta tara manyan injuna irin na kamfanin Illumina, ta zuba ma'aikatan da ba su da aikin da ya wuce kula da su. Mai binciken tsatsar alkama, da mai bin sawun murar tsuntsaye a gonakin talo-talo, da mai nazarin ƙwayoyin da ke cikin ƙasar noma, duk can suke kai samfurinsu. Kamar injin niƙa na unguwa ne: kowa ya kawo hatsinsa a auna, ya biya, ya dawo ya ɗauki gari. Farashin kowane aiki a rubuce yake, ɗan jami'ar yana biyan ƙasa da na waje, kuma kafin ka kashe ko sisi akwai wanda zai zauna da kai ya ce samfurin nan bai yi tsabta ba, koma ka sake tacewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Malam, sanyi ne. Ba na waje ba, na cikin firiza. A barandarmu akwai jerin firiza masu riƙe kaya a digiri 80 ƙasa da sifili. Kowace an jona ta da jan soket, wanda janareto ke ɗauka nan take in wuta ta ɗauke, kuma akwai ƙaramar na'ura a jikinta da ke kiran wayar mai kula da ɗakin in sanyin ya fara raguwa, ko da tsakar dare ne. Sinadaran gwaji kuwa, in ka yi oda a farkon mako, kafin mako ya fita akwatin farin soso ya iso cike da busasshiyar ƙanƙara, kana ɗaga murfi tururi na zubowa kan tebur. Duk lokacin da na buɗe irin wannan akwati sai na tuna wani ɗakin gwaji da na yi aiki a gida. Mun haɗa kuɗi mun ba dillali a Legas, muka yi ta jira, dala ta tashi a tsakani aka ce mu ciko, da kayan suka iso ƙanƙarar ta narke tuntuni. Jinin shanun da muka sha rana muka ɗebo a rugage shi ma ya lalace a hutun da man janareto ya ƙare. Babu wanda ya yi sakaci a cikinmu. Har yau abin yana min ciwo.

Kada a ɗauka komai a nan bagas ne. Kowane abu da lissafinsa, har bencin da za ka ajiye tukwanen shuka a ɗakin gilashi haya ake biya. Ranar da kuɗin bincike ya ƙare, ɗakin gwaji sai ya rage mutane. Amma jami'a tana ware ɗan tallafi na fara aiki, wanda malami zai gwada tunaninsa da shi kafin ya nemi babban kuɗi, tana kuma biyan ɗaliban digirin farko su yi bincike a hannun malami. Yarinyar da ke taimaka min tace DNA ba ta gama aji uku ba, hannunta ya riga ya faɗa.

Sai kwamfuta. Kundin gadon mutum ɗaya, wato dukan bayanan da ke cikin DNA ɗinsa, harafi wajen biliyan 3 ne. Aikin farko na karanta shi ya kammala a 2003 bayan an kashe kusan dala biliyan 3, yanzu kuwa bai kai dala 1,000 ba. Karatun ya yi araha, fassara abin da aka karanta shi ne aikin, shi ya sa jami'a ke ba masu bincike damar shiga babbar kwamfutarta, da horo kan yadda ake sarrafa bayanan. A nan ne nake ganin ba mu da uzuri sosai. Rumbun GenBank, inda ake tara bayanan DNA da aka karanta, kyauta ne ga duk mai intanet, manhajar Galaxy ta sarrafa su ma haka. Ɗalibi a Yelwa ko Gubi zai iya sauko da kundin wake yau ya fara koyo.

Maganar wake ita ce ta fi sosa min zuciya. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake. Irin da aka ɗauka aka karanta kundinsa, IT97K-499-35, cibiyar binciken noma ta IITA ce ta samar da shi a ƙasarmu, amma masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ne suka jagoranci aikin da ya fito a 2019. Na dawa ya fito a 2009, na gero a 2017. Na shanu ma a 2009 ne, daga saniyar Turai irin Hereford, alhali ga Bunaji da Bokolo da Rahaji suna jure zafi da doguwar tafiya da ƙarancin ciyawar rani, abin da masana a nan ke marmarin fahimta. Wuta-wutar da ke cinye mana gonakin dawa, a Amurka sai da izini na musamman ake taɓa irinta, a ɗaki mai tsaro. Mu kuwa fita bayan gari kawai za ka yi da damina. Gona da garke da manomin da ya san wane iri ne ke nuna da wuri, waɗannan a wajenmu suke, kuɗi ba ya kawo su nan.

Kuma an riga an nuna ana iyawa a gida. Cibiyar Farfesa Christian Happi a Jami'ar Redeemer's da ke Ede ce ta fara karanta kundin ƙwayar korona a Afirka, a watan Maris na 2020. A ɓarkewar zazzaɓin Lassa ta 2018 an yi aiki a Irrua ta jihar Edo da MinION, na'urar karanta ƙwayoyin gado da tafin hannu ke ɗauka, ana jona ta da kwamfutar cinya. Bauchi na cikin jihohin da Lassa ta fi addaba duk rani, don haka wannan ba ilimin ado ba ne a wajenmu. Sai dai farantin MinION da ake ɗiga samfur a kai yana son firji, kuma ba ya daɗewa a ajiye.

Da za a ji ta bakina, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere sun haɗa kai sun tsayar da cibiya ɗaya. Tsakanin Bauchi da Gombe tafiyar 'yan sa'o'i ce, samfur a cikin kular ƙanƙara zai isa lafiya. In za a rubuta wa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a fara lissafa sola da batura, da albashin ƙwararru biyu da ba za a ɗora musu koyarwa ba, da kuɗin sinadarai da gyara na shekaru, sannan a zo kan inji.

Ina roƙon ku zaɓo min ɗaliban da ke da kwamfutar cinya da kuma naci, mata da maza. Zan riƙa zama da su ta intanet ranar Asabar bayan la'asar ɗinku, lokacin nan hantsi ne, mu fara da kundin wake. A gaida Hajiya da yara.