Kamfanin Sauya Mazauni a Idon Ma'aikacin Fim

Lokacin da na bar matsayin mataimakin edita na karɓi aikin edita a wani kamfanin shirya fina-finai da ke wani birni, kwana 20 kacal aka ba ni in tattara in isa, kuma ban san kowa a can ba sai furodusan da ya ɗauke ni. Wannan ya sa na nemi ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ke ɗauke wa ma'aikaci wahalar ƙaura, waɗanda suke nema masa gida, su kwashe masa kaya, su kuma tsaya masa wajen cike takardu. Yanzu da na cika wata 5 a sabon garin, ina ganin na isa in faɗi yadda aikinsu yake.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tambayar farko da jami'ar da aka haɗa ni da ita ta yi mini. Kafin ta nuna mini hoton gida ko ɗaya, sai da ta nemi sanin inda situdiyon yake da ƙarfe nawa nake shiga aiki. Wanda bai san wannan sana'a ba zai ɗauka tambaya ce ta kowa da kowa, alhali a kanta komai ya rataya. Manyan wuraren ɗaukar fim ba kasafai suke cikin tsakiyar gari ba, domin suna buƙatar fili da shiru. Pinewood yana wajen Landan ne, a yankin Buckinghamshire. Babelsberg, wanda ake aiki a cikinsa tun 1912, yana Potsdam a gefen Berlin. Ramoji kuwa yana bayan garin Hyderabad. Namu ma haka yake. A lokacin ɗauka nakan isa da ƙarfe 6 na safe don in karɓi hotunan da aka ɗauka jiya, kuma sau da yawa ba na tashi sai dare ya yi nisa, lokacin da motocin haya sun ja baya. Jami'ar ta bi hanyar da kanta da asuba da kuma da dare, ta auna tafiyar, sannan ta cire gidaje biyu da suka fi burge ni a hoto saboda babu abin hawa daga unguwarsu a irin waɗannan lokuta. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma da ni kaɗai ne da na zaɓi ɗayansu.

Sai batun haya, wanda shi ne ainihin abin da ya sa nake ganin kuɗina bai faɗi a banza ba. Ma'aikacin fim yana aiki ne da kwantiragi mai ƙarewa tare da fim ɗin, masu gidaje kuwa sun fi son yarjejeniyar shekara da takardar albashin wata-wata, abin da yawancinmu ba mu da shi. Kamfanin ya haɗa kwantiragina da wasiƙar furodusa da bayanan asusuna na banki, ya gabatar da su ga mai gidan, har aka amince da wata 6 a gida mai kayan ɗaki, da damar sabuntawa. Tsawon shekarun da na yi a sana'ar nan na ga abokan aiki da dama suna biyan hayar gidan da suka riga suka bari saboda rashin irin wannan sharaɗi.

Inda suka gaza kuwa ya shafi aikina kai tsaye. Na gaya musu tun farko cewa nakan yi wani ɓangare na aikin a gida, suka tabbatar mini cewa gidan yana da intanet mai sauri. Saurin saukewa daga intanet suka duba, ba su duba na ɗorawa ba, wato saurin tura fayil zuwa wani, kuma shi ne edita yake buƙata. Awa ɗaya ta hoto a tsarin ProRes 422 HQ, wani tsarin ajiye bidiyo mai inganci da editoci ke aiki da shi, a girman hoto na 1080 da firam 24 a daƙiƙa, tana cin kusan gigabait 80. Layin da na tarar yana ɗora megabit 10 ne a daƙiƙa, wato sai an yi kusan awa 18 kafin wannan awa ɗaya ta isa hannun darakta. Mako uku na yi ina jigilar faifan ajiya a jaka kafin a sauya layin. Sun karɓi kuskuren kuma su suka bi lamarin har aka gyara, amma tambaya ɗaya tun farko da ta wadatar.

Kwasar kaya ta tafi lafiya, babu abin da ya fashe. Sai dai inshorarsu tana biyan kuɗin na'ura ne kawai, ba ta san da abin da ke cikinta ba, don haka na kwafi komai a faifai biyu na riƙe su a hannuna, na bar musu allon tace launi da tebur da littattafai. Allon sun naɗe shi yadda ya kamata, suka tsayar da shi a akwatinsa na asali.

Ga wanda aikinsa ke bin jadawalin ɗauka, kuma lokacin da aka ba shi ya yi kaɗan, ina ba da shawarar wannan hidima. Ya rubuta musu sa'o'in aikinsa da saurin ɗorawar da yake buƙata kafin su fara nema, kuma ya nemi a gwada layin a gabansa. Fim ɗinmu ya shiga matakin gyaran sauti, an kuma ƙara mini kwantiragi, shi ya sa a makon jiya na koma wurin jami'ar ta sabunta mini hayar da wata 6.