Cikakken littafin tarihi ko na taƙaitawa: wanne za ki saya?

Ƙanwata, tunda kin ce kuɗin hannunki na littafi ɗaya ne, kuma kin rasa zaɓi tsakanin cikakken littafin tarihi mai ɗauke da takardun asali da ƙaramin littafin taƙaitawa na shirin jarrabawa, ki sayi cikakken. Na mallaki duka biyun lokacin da na ɗauki tarihi a matakin zurfi a babbar sakandare, kuma ɗaya ne kawai yake kan kantata har yau, duk da cewa bangonsa ya sha ɗinki sau biyu.

Ranar da na san darajarsa ita ce ranar da malaminmu ya dawo mana da takardun gwaji a kan alhakin Jamus wajen ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na riga na haddace daga ƙaramin littafin cewa an harbe Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya da Hangari, a Sarayebo, babban birnin Bosniya, ranar 28 ga Yuni 1914, sai na jera dalilan yaƙin kamar yadda na same su a jere, wato ƙawancen ƙasashe, tseren makamai, neman mulkin mallaka da kishin ƙasa. Takardata ta dawo da jan biro a gefenta, inda malam ya rubuta cewa na ba da labari amma ban yanke hukunci ba.

A daren nan na buɗe babban littafin, wanda a da nake gudunsa saboda kaurinsa. A can na tarar da wa'adin sa'o'i 48 na amsa sharuɗɗa da Ostiriya ta ba ƙasar Sabiya, wadda take zargi da hannu a kisan, ranar 23 ga Yuli, da amsar Sabiya wadda ta amince da yawancin sharuɗɗan amma ta ƙi jami'an Ostiriya su shiga binciken shari'a a cikin ƙasarta, da alkawarin goyon bayan da Jamus ta yi wa Ostiriya tun farkon watan, da umarnin Rasha na shirya dukkan rundunarta a ƙarshensa. Na kuma karanta sashe na 231 na Yarjejeniyar Versailles ta 1919, wato yarjejeniyar zaman lafiya da aka ƙulla da Jamus bayan yaƙin, da idona, na ga cewa ya ɗora alhakin asarar yaƙin a kan Jamus da ƙawayenta ne, alhali ƙaramin littafin sunan Jamus kaɗai ya ambata. Bayan wannan aka kawo ra'ayin masanin tarihi Bajamushe Fritz Fischer, wanda a 1961 ya ce shugabannin ƙasarsa ne suka fi kowa laifi, tare da na masu cewa laifin ya rabu a tsakanin manyan ƙasashen. Ban kwanta ba sai da na sake rubuta amsata, wannan karon da matsayar da zan iya karewa.

Wannan shi ne abin da ake nema daga ɗalibin tarihi a matakin da kike. Za a ajiye miki wasiƙa, ko jawabi, ko zanen jarida, a tambaye ki wanda ya rubuta shi, da lokacin da ya rubuta, da waɗanda yake son su ji, da abin da ya yi shiru a kansa. Wanda bai saba zama da irin waɗannan takardu ba zai gan su karo na farko ne a ɗakin jarrabawa, kuma haddar shekaru ba za ta fitar da shi ba. Ki sani dai karatun cikakken littafi yana cin lokaci, domin shafi goma na iya cinye miki yamma guda.

Shi kuwa na taƙaitawa, ba zan ce bai da amfani kwata-kwata ba, ya tuna mini shekaru a makon ƙarshe kafin jarrabawa, amma har yau ina ganin kuɗinsa asara ce.

Kafin ki biya, ki riƙe manhajar jarrabawarku a hannu ki tabbata zamanin da za a tambaye ku shi ne littafin ya ƙunsa. Ki kuma yi hattara da masu sayar da jabu. An taɓa sayar mini da kwafi wanda shafuka goma sha shida suka ɓace a tsakiyarsa, taswirorinsa kuma sun dushe har ba a gane iyakar ƙasashe, don haka ki bi lambobin shafi, ki duba shekarar bugu, domin wasu tsohon bugu suke sa wa sabon bango. Duk wanda ya ce yana da tambayoyin bana na sayarwa, ki rabu da shi, domin ko dai tsofaffi ne ya tattaro, ko kuma ya jefa ki cikin laifin da zai sa a soke sakamakonki.

Idan sabo ya fi ƙarfin aljihunki, ki nemi na hannu daga ɗaliban da suka gama, matuƙar bugun ya dace da manhajar. Taƙaitawar kuma ki rubuta da kanki a littafin rubutu, shafi ɗaya bayan kowane babi.