Tsohuwar Tirol da kafin alƙalamina

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tun da maiɗakina ta saka hoton yara cikin dusar ƙanƙara ake ta tambayata yadda tafiyar ta kasance. Mun je, mun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Sai dai abin da na dawo da shi a raina labarin wasu Yuro 300 ne, kuma duk lokacin da na tuna su sai Kawuna ya faɗo mini.

Shekarata tara a birnin Munich na ƙasar Jamus. Ranar da gari ya yi wasai ana hango tsaunukan Alps daga saman dogon bene, tafiyar da ba ta wuce awa biyu a mota ba, amma ba mu taɓa kwana a cikinsu ba. Yarana biyu, mai shekara tara da mai shida, kullum aka koma makaranta bayan hutun Kirsimeti sai su zauna suna sauraron 'yan ajinsu na ba da labarin wasan zamiya a kan ƙanƙara, su ba su da abin faɗi. Na yi musu alƙawarin hunturun 2020, korona ta rusa shi. Ostiriya, maƙwabciyarmu da ke cikin tsaunukan, ta rufe masaukai ga masu yawon buɗe ido tun farkon Nuwamban 2020, ba a buɗe ba sai 19 ga Mayun 2021. Ba su yi wasa da abin ba, don a wani ƙauyensu na jihar Tirol mai suna Ischgl ne cutar ta yaɗu cikin baƙi a Maris na 2020, suka kwashe ta zuwa ƙasashensu, sunan ƙauyen ya ɓaci a duk Turai.

Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, tun a watan Agustan 2021 na fara neman wuri. Na samu gidan wata tsohuwa a wani ƙauye cikin kwarin Zillertal. Ita da ɗanta suna ƙasa, shanunsu na gefe, sama kuma ta gyara ɗakuna tana ba baƙi haya. Na zaɓi mai kicin, saboda a yankin nan da wuya ka ga miyar da ba a jefa mata naman alade ba, gara mu riƙa girkinmu. Kwana shida, daga 27 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu, Yuro 1,000. Na tura 300 kafin alƙalami, ta aiko da takardar shaida tare da sharuɗɗan da yawancin masaukan Ostiriya ke aiki da su: in ka fasa ana saura wata uku ba ka biyan komai, in wata ukun ya shiga kashi 40 cikin ɗari na kanka, in saura bai kai wata ba kashi 70, a makon ƙarshe kashi 90. Na karanta, na amince.

Sai Nuwamba ta zo da abin da ta zo da shi. Ranar 14 ga wata Jamus ta saka Ostiriya a jerin ƙasashe masu haɗari. Mu manya da muka yi riga-kafi ba ruwanmu da killacewa, amma yara 'yan ƙasa da shekara 12, waɗanda a lokacin ba a ma fara yi musu allurar ba, in sun dawo sai sun zauna gida kwana biyar. Washegari Ostiriya ta sa wa marasa riga-kafi dokar kulle. Ranar 19 shugaban gwamnatinsu na lokacin, Alexander Schallenberg, ya sanar da kulle ga kowa da kowa daga 22 ga wata. Aka ce sai 12 ga Disamba, amma wa zai yarda, bayan bara ma da makonni kaɗan aka fara, aka ƙare da wata shida da rabi? Mako bai zagayo ba aka fara maganar sabon nau'in cutar, Omikron. Kullum da safe kafin in sha shayi sai na duba dokar Jamus, in duba ta jiharmu Bavariya, in duba ta Ostiriya, in duba ta Tirol, kuma ba lallai su huɗun su zo ɗaya ba. Yau a ce shaidar gwaji ta isa, gobe a ce sai mai riga-kafi ko wanda ya warke, jibi a ce ko mai riga-kafin sai ya haɗa da gwaji. Wallahi na gaji.

Na zauna na yi lissafi. In na jira har wata ɗayan ya shiga, asarar ta koma Yuro 700. In na fasa yanzu, 400 ne, wato bayan 300 ɗin da ke hannunta sai na cika mata 100. Doka na bayanta, domin kwanakin da na kama suna bayan ranar da aka ce za a buɗe. Daren 23 ga Nuwamba na rubuta mata cewa mun fasa, na ba ta haƙuri, na ce ta tabbatar mini da asusun da zan tura cikon.

Da safe na tarar da amsarta, layi huɗu kacal. Ta ce ta fahimta, ita ma tana da jikoki 'yan makaranta. Ta ce ba ta cin kuɗin ɗakin da ba a kwana a ciki ba saboda ciwon da ba ni na kawo shi ba, in aiko da lambar asusuna. Na ɗauka ban gane Jamusancin ba ne, na miƙa wa maiɗakina wayar ta sake karantawa. Ranar Juma'a ina fitowa daga masallaci na ga saƙon banki. Yuro 300 cif, ko sisi ba ta cire ba.

Ku dubi matar nan fa. Ba ta taɓa ganina ba. Sunana kaɗai ya isa ya gaya mata baƙo ne ni, kuma Musulmi. Hunturun bara gaba ɗaya ba ta ga baƙo ko ɗaya ba, alhali a kwarin nan hunturu shi ne kakarsu, abin da aka samu tsakanin Disamba da Maris da shi ake cin shekara. Ga wani kullen ya sake faɗo mata. Ba ni da wani ɗan uwa a ƙauyen da zai je ya yi mata magana, ba limamin da zai sa baki, ba mai unguwa. Da ta riƙe kuɗin ta nemi cikon, da na biya ban ce uffan ba, don haƙƙinta ne a rubuce.

A nan Kawu ya shigo. A farkon 2020 ya biya wani ejan kuɗin Umarar azumi, har da gudummawata a ciki, don shekara da shekaru yana burin ya yi goman ƙarshe a Harami. Ƙarshen Fabrairun shekarar Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara. Ba biza, ba tikiti, babu abin da aka yi wa Kawu da kuɗinsa. Zuwa Janairun 2022 kusan shekara biyu ke nan. Da farko ejan ya ce kuɗin sun maƙale a Saudiyya. Daga baya ya ce a bari a buɗe hanya a tafi da su. Da aka buɗe sai ya ce kujera ta tashi, sai an yi ciko. Da Kawu ya ce to a ba shi abinsa, sai aka shiga jeka ka dawo, yau Alhaji ya tafi Abuja, gobe wayarsa a kashe. Lokacin da ya biya, dala na wajen naira 360 a kasuwar canji, a Janairun 2022 ta haura 550, ko a lokacin aka mayar masa an riga an cinye sulusin kuɗin. Abin da ya fi ci mini rai, a masallaci ɗaya suke sallar Asuba. Mutumin nan yana gaishe da Kawu har da rusunawa, yana tambayarsa ya jiki. Kawu kuma kunya ta hana shi kai ƙara, wai kada a ce ya tona asirin ɗan unguwa.

Kuma kun san ba ejan kaɗai ba ne. Mun mayar da kafin alƙalami kamar kuɗin tsintuwa. Ka ba tela rabin kuɗi, Sallah ta wuce bai ɗinka ba, in ka nemi kuɗinka ya ce ai ya sayi zare. Ka ba dillalin gida, mai gida ya fasa, la'ada ta tafi ke nan. Masu ɗakunan biki nawa ne suka mayar wa mutane kuɗinsu lokacin kullen 2020? Mu ne muka fi kowa sanin ayar da ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, mu ne muke jin wa'azin amana duk Juma'a, amma da zarar kuɗin wani ya kwana a aljihunmu sai mu fara jin kamar gadonmu ne, mai shi ya koma maroƙi. Ni ma ɗan gida ne, shi ya sa abin yake yi mini zafi haka.

Kada wani ya ɗauka nan kowa tsohuwar Tirol ne. Na sayi inshorar fasa tafiya tun watan Agusta, don irin wannan rana. Da na kira su kafin in rubuta wa tsohuwar, na yi minti arba'in a layi ana kaɗa mini kiɗa, sannan wata ta ɗauka ta karanto mini wani sashe da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: sai in ni ne na kwanta ciwo da takardar likita, amma kulle ko tsoron killacewa ba ya cikin abin da suke biya. Ta faɗa cikin ladabi, ta yi mini fatan alheri, ta ajiye waya. Babu wanda za ka roƙa, babu wanda zai ce don Allah a duba masa. A gida ko ba a biya ka ba, wani zai zauna ya saurare ka, ya ce Allah ya mayar da alheri. Nan takarda ce ke magana, in ba ta ambace ka ba shi ke nan. Haka kuma komai na tafiyar nan kuɗi ne: tayar hunturu dole ce in ƙanƙara ta sauka, sitikar hawa babbar hanyar Ostiriya ta kwana goma a lokacin wajen Yuro tara da rabi, rigunan sanyin yara da takalmansu kuwa sun kusa kuɗin buhun shinkafa uku.

Ana gobe Kirsimeti labari ya tabbata cewa daga 25 ga Disamba Jamus ta cire Ostiriya daga jerin nan. Tirol kuwa ta buɗe masaukanta tun 12 ga wata kamar yadda aka yi alƙawari. Na kira tsohuwar ina jin nauyi. Ta ce wasu sun kama ɗakin daga 30 ga wata, amma kwana ukun farko babu kowa, mu taho. Sai kuma wata sabuwa: tun 20 ga Disamba Ostiriya ba ta barin mai allura biyu ya shiga sai da gwajin korona na PCR. Ni na yi ta uku, maiɗakina ba ta yi ba. Muka yi ta neman wurin gwaji a ranakun da gari duk a rufe yake, muka samu ɗaya, muka biya kusan Yuro 70, sakamakon bai shigo wayarta ba sai da muka gama loda kaya a mota.

Muka bi ta Kufstein muka shiga kwarin da yamma, duhu ya fara tun kafin ƙarfe biyar. Ta tare mu a bakin ƙofa da takunkumi a fuska, 'yar gajeruwa, hannuwanta duk kanta irin na mai aikin dabbobi. Kafin ta ba mu makulli sai da ta duba shaidar riga-kafinmu a waya ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da katin shaida, ta rubuta mu a takardar baƙi. Wadda ta yafe Yuro 400 ba ta yafe wannan ba ko kaɗan. A kan teburin kicin ta ajiye mana madarar shanunta a kwalba, da burodi, da man shanu. Na buɗe kwalbar, ƙamshin ya bugi hancina, sai ga ni a rugar bayan garinmu ina yaro, ana ɗumamar nono da sanyin safiya, hazo ya rufe gari, muna kewaye da wutar kara. Na daɗe a tsaye ban ce komai ba.

Washegari muka hau motar igiya zuwa saman tsauni, kowa da takunkumin FFP2, an duba shaida tun wurin sayen tikiti. Ƙaramin ya ƙanƙame ni har muka kai. Da ya sauka ya ga fari fat iyakar ganinsa, ya dube ni ya ce, "Baba, Kaka ta taɓa ganin wannan?" Na ce ba ta taɓa ba. Muka kira ta ta bidiyo daga can, tana ta salati tana cewa a rufe wa yaran kunne.

Ranar da za mu taho na saka Yuro 100 a ambulan daban na haɗa mata da kuɗin ɗaki. Ta ƙirga, ta zare ɗarin ta miƙo mini, ta ce kwana uku muka yi, kuɗin kwana uku za ta karɓa. Da ƙyar ta amshi ƙullin dabino da kilishin da muka zo da shi.

Yara sun ce sai mun koma a hutun ƙarshen Fabrairu. Sai ga shi ranar 16 ga Janairun 2022 Jamus ta sake mayar da Ostiriya cikin jerin, a lokacin ba wanda ya san yadda za ta kaya. Na rubuta mata, ta ce ta rubuta sunanmu a littafinta, kada in turo komai sai mun iso. Ejan ɗin Kawu kuwa na kira shi ranar Asabar da lambar Jamus, ya ɗauka, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya ce in ƙara masa haƙuri zuwa ƙarshen wata.