Tol mai huji na filin jirgin yaƙi: ya cancanci kuɗinsa a rairayin Maradi?

Duk wanda ya san hanyar Dakoro ko ƙauyukan Mayahi ya taɓa ganin motar kat-kat, wato mai ja da taya huɗu, da wani faffaɗan ƙarfe mai huji ɗaure a gefenta. Direbobi na ce masa tol. A wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa ake samunsa, wani lokaci jingine cikin tarin kayan gwangwan, mai shi ma bai san asalinsa ba. Shimfiɗar filin jirgin sama ce ta sojan Amurka, kuma wanda ya san aikin da aka ƙera shi dominsa ne zai iya gane inda zai yi masa amfani da inda zai yi asarar kuɗinsa.

An fara amfani da shi a watan Nuwamba 1941 kusa da wani ƙaramin gari mai suna Marston a jihar Karolina ta Arewa, shi ya sa sunan garin ya bi shi. Tsawon guda ɗaya mita 3 ne da 'yan kai, faɗinsa santimita 38, nauyinsa wajen kilo 30. Yana da layi uku na huji, kowane layi 29, jimla 87, da kwari biyu da suka bi tsawonsa don kada ya lanƙwashe da sauƙi. A gefensa akwai ƙugiyoyi da ramukan da ƙugiyoyin na kusa da shi ke shiga. Titin jirgi mai tsawon mita 1,500 da faɗin mita 46 yana cin guda 60,000, kusan tan 1,800 na ƙarfe. Da shi aka shimfiɗa filin Henderson a tsibirin Gwadalkanal na tekun Fasifik a 1942, inda ramin bam ba ya hana jirage tashi na dogon lokaci: a cire waɗanda suka lalace, a cike ramin, a daddale, a saƙala sababbi. Zamanin ke nan da jiragen Ingila ke tasowa daga Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, su yada zango a Kano da Maiduguri kan hanyarsu ta zuwa Hartum da Alƙahira. Sai dai kada mai saye ya yarda da duk mai ce masa nasa tun na Yaƙin Duniya na Biyu ne. An ci gaba da ƙera shi shekaru bayan yaƙin, kuma tsufa ba shi ne inganci ba.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne wannan ƙarfe ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai. Aikinsa rarraba nauyin taya a kan ƙasa mai faɗi, ƙasar ce ke ɗauka. Sojoji sun koyi haka da wahala. Inda aka shimfiɗa shi bisa laka ba tare da magudanar ruwa ba, duk jirgin da ya sauka sai ya matso taɓo ta cikin hujin, saman ya yi santsi, ƙarƙashin ya zama kogo, ƙarfen ya lotsa ya ɗaga baki. A jigilar abinci ta sama zuwa birnin Balin na Jamus a 1948, manyan jiragen kaya sun dinga ragargaza shimfiɗar filin Tempelhof, har sai da aka ajiye ma'aikata suna rugawa da yashi suna cikewa tsakanin saukar wannan jirgi da na bayansa. Da jirage masu injin jet suka yawaita, injin ya riƙa zuƙo tsakuwa ta hujin, dole aka koma shimfiɗa marar huji.

A rairayi kuwa, nan ne gidansa, kuma nan ya fi cancantar kuɗinsa. Ga kat-kat, a sa mai walda ya raba guda ɗaya biyu, kowane mita ɗaya da rabi, kilo 15, abin da yaron mota zai iya ɗauka da hannu guda. A yanke ƙugiyoyin gefen duka a goge bakin, don su ne ke tsaga gefen taya, su ne ke yanke yatsa. Babbar mota mai tayoyi biyu-biyu a baya tana son cikakken tsawo, guda biyu a kalla, huɗu sun fi.

Idan mota ta kafe, kuskuren farko shi ne ƙara wuta. Taya na juyawa tana haƙa wa kanta rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. A tsaya. A rage iskar taya zuwa kilo 1 ko 1.5 gwargwadon kayan da ke kai. A ɗauki shebur a kwashe rairayin gaban tayoyin da ke ja, a yi gangare mai sauƙi, a kuma yashe ƙarƙashin aksul idan ya taɓa ƙasa. Sannan a cusa bakin tol ɗin har ya shige ƙarƙashin taya, ba a gabanta kawai ba. In ya ƙi shiga, a ɗaga motar da jak bisa katako mai faɗi. Gefen da leɓen hujin ya fito shi ke kallon ƙasa, don ya ciji rairayi. A sa ƙaramin giya na biyu, a tashi a hankali, kuma kada a tsaya sai an kai ƙasa mai tauri. Masu dabara suna ɗaure kowane tol da igiya mita 2 ko 3 a bayan mota ya biyo ta, maimakon yaro ya koma ya tono shi cikin rana. Kowa ya kauce daga bayan taya, domin in ta zame takan harbo ƙarfen da ƙarfin da zai karya ƙafa.

Aibinsa biyu ne a nan. Bayan amfani uku ko huɗu yakan lanƙwashe kamar baka, kuma lanƙwasasshe idan taya ta taka baki ɗaya sai ɗayan ya tashi ya doki ƙarƙashin mota, ya iya tsinka bututun birki ko ya huda tanki. Maganin shi ne a kifa shi a ƙasa mai tauri a bi ta kansa da mota ya miƙe. Na biyu, zafi. Ƙarfen da ya yini a rana cikin watan Afrilu ba ya taɓuwa da hannu tsirara, sai da safar hannu ko tsumma.

Masu sito da masu gareji sukan saye shi don ƙofar da manyan motoci ke shiga da damina. Yana yi, in an bi ƙa'idar filin jirgi. Guda ɗaya na rufe abin da ya ɗan haura murabba'in mita ɗaya, don haka fili mai mita 10 da 4 zai ci kimanin 35, tan ɗaya da ɗoriya. A fara da burji mai kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa a daddale, a ba shi gangaren santimita 2 a kowace mita, a haƙa lambatu a gefe. A jera su a gicciye da hanyar da mota ke bi, mahaɗarsu a sassaɓe kamar jerin bulo, a kafe bakin da turakun ƙarfe. A nan kada a yanke ƙugiyoyin, su ne ke riƙe shimfiɗar. Wanda ya tsallake burjin ya jera a kan taɓo, kafin damina ta ƙare zai tono su ɗaya bayan ɗaya. Da lissafin kuɗin ƙarfe tan guda, sau da yawa zuba kankare ya fi arha, sai fa in wurin na haya ne ana son kwashewa a tafi da shi.

Inda bai dace ba sam shi ne gada. Ɗora guda ɗaya kan lambatu mai faɗin mita don mota ta haye neman rigima ne, domin babu ƙasa a ƙarƙashinsa. Babur da kura za su wuce. Mota sai an sa ginshiƙan ƙarfe a ƙasa an yi walda.

Kafin a biya, a ɗora shi a sikeli. Mai mita 3 da ya gaza kilo 30 da nisa, ko tsatsa ta cinye shi ko ƙirar gida ce ta siririn kwano da aka huda ba leɓe, wadda ke naɗewa tun takawar farko. A duba tsakanin huji da huji, nan tsaga ke farawa. A buga da guduma, in ɓawon tsatsa na zubowa fala-fala a bar shi. A kai maganaɗisu: in bai kama ba, na alminiyum ne, wanda nauyinsa kusan rabin na ƙarfe ne kuma ya fi daɗin ɗauka, amma ya fi tsada, yakan tsage maimakon ya lanƙwashe, kuma mai waldar bakin titi ba ya iya gyara shi da sandar walda ta yau da kullum.