Madina, Alƙahira ko zaman gida: amsa ga mai shirin ritaya da fanshon naira

Wani ɗan uwa a zauren nan ya kawo tambaya. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, saura shekara biyu ya cika 35 a bakin aiki. Yana da gidan da yake ciki a Kano da wani da ya zuba 'yan haya, yana kuma lallaɓa ciwon suga da hawan jini. Burinsa ya sayar da gidajen, ya haɗa da kuɗin sallama, ya koma Madina da maiɗakinsa da ƙananan yara biyu. Wasu sun ce masa Alƙahira ta fi sauƙi. Yana so a jera masa biyun kusa da zaman gida.

Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Yawancin masu wannan shawara da kuɗin haya da cefane suke fara lissafi. Mu da abu biyu za mu fara: wace takarda ce za ta zaunar da kai a ƙasar, kuma da wane irin kuɗi za ka riƙa biya. Fanshonka naira ce, kuma naira za ta ci gaba da zama har ƙarshe.

Saudiyya ba ta da bizar 'yan fansho. Igamar (takardar izinin zama) da yawancin mutanenmu ke zaune da ita ta aiki ce, a rataye take da kafili, wato ubangidan da ya ɗauke ka aiki. Ranar da aikin ya ƙare ana buga wa mutum fita ta ƙarshe, ko da ya shekara talatin a ƙasar. Ƙofar da ta rage wa wanda ba aiki zai je yi ba ita ce igama ta musamman, wadda suke kira Iƙama Mumayyaza, da aka fara bayarwa a 2019. Ta dindindin riyal 800,000 ce a biya ɗaya. Ta wucin gadi riyal 100,000 ce kowace shekara. A Janairun 2024 an ƙara wasu nau'o'i, ciki har da ta mai gida. Kuɗinta riyal 4,000 ne kacal, amma sai ka mallaki gidan zama da darajarsa ba ta gaza riyal miliyan 4 ba, kuma babu jingina a kansa. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan kowace dala tun 1986. Idan muka ɗauki dala a naira 1,500, ta dindindin ta tashi naira miliyan 320, ta shekara miliyan 40, gidan kuwa biliyan 1.6. Wannan kuɗin takarda ne kawai, ba a ci ba, ba a sha ba. Sannan Makka da Madina dokar mallakarsu daban take da ta Jidda ko Riyad. Tsarin 2019 haƙƙin cin moriyar gida har shekara 99 ya ba mai igamar a biranen biyu, don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da gida kusa da Harami, a kai takardar gaban lauyan can kafin a motsa ko kwabo.

Idan ejan ya ji waɗannan alƙaluma sun yi maka nauyi, zai kawo maka gajeriyar hanya. Zai ce akwai Balaraben da zai yi maka igamar direba ko ta lebura, kana ba shi wani abu duk shekara, ba sai ka yi masa aiki ba. Wannan haramun ne a dokarsu. Ranar da kuka saɓa, ko ya ga an matsa masa, zai shigar da rahoton cewa ka gudu, nan take ka koma takari, asibiti ya gagare ka, banki ya rufe. Irin waɗannan ƙananan sana'o'i ba a ma yarda mai su ya kawo iyali. Wanda sana'arsa ta ba shi damar kawowa kuwa, tun Yulin 2020 yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya. Mata da yara biyu riyal 1,200 ke nan a wata. Masu shiga da bizar Umara su maƙale kuma, hukuncin ya kai tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida da kora. Dattijo mai allurar insulin ba shi ne zai yi wasan ɓuya da jawazat, jami'an shige da ficen Saudiyya, ba.

Masar ta sauko da ƙofarta ƙasa sosai. A dokar da ma'aikatar cikin gida ta fitar a 2023, gidan dala 50,000 yana ba ka zaman shekara ɗaya da ake sabuntawa, na dala 100,000 shekara uku, na dala 200,000 shekara biyar. Ajiyar banki ma tana yi: dala 50,000 shekara ɗaya, dala 100,000 shekara uku. Mafi ƙanƙanta a ciki naira miliyan 75 ne, abin da gidan haya mai kyau a Kano zai iya fitarwa. Shi ya sa ake cewa ta fi sauƙi, kuma gaskiya ne.

Inda ake faɗawa rami a Masar wajen takardar gida ne. Gidaje da yawa a Alƙahira ba su da rajista a ofishin rajistar kadarori, wanda suke kira Shahrul Aƙari. Mai gida zai nuna maka yarjejeniyar ciniki da hukuncin kotu da ke tabbatar da cewa sa hannun nasa ne, ya ce ai shi ke nan. Wannan hukunci sa hannu kawai ya tabbatar, bai tabbatar da mallaka ba. Ka biya kuɗi, ka je ofishin shige da fice na Abbasiyya neman zama, a ce takardar ba ta isa ba. Abu na biyu, dole kuɗin ya shigo daga waje ta banki, ka riƙe shaidar shigowarsa. Wanda ya ba ɗan canji naira a Wapa ya karɓi fam ɗin Masar a unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira ya sami rangwame a canji, amma ba shi da abin da zai nuna. Na uku, dokar 1996 ta taƙaita baƙo ga gida biyu, kuma ba ya sayarwa sai ya shekara biyar. Idan zaman bai karɓe ka ba a shekarar farko, kuɗinka na nan a daskare.

Wasu za su ce Dubai. Tana da bizar ritaya ta shekara biyar ga wanda ya kai 55, da sharaɗin gida ko ajiya na dirhami miliyan 1. Sai dai ƙasar ta rufe wa 'yan Najeriya biza daga 2022 har Yulin 2024. Ƙofar ƙasar wani haka take.

Yanzu kuɗin wata. Mu ƙaddara fanshonka naira 300,000 ne. A Mayun 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, wannan kuɗi ya haura dala 650, wato kusan riyal 2,450. Babban banki ya saki naira a Yunin 2023, zuwa farkon 2024 dala ta kai 1,500. Fanshon nan bai ragu da sisi ba a takarda, amma ya koma dala 200, riyal 750. Bai kai harajin zaman mata da yara biyu ba, balle haya, balle cefanen da ke ɗauke da harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari. A Madina duk faɗuwar naira a kanka take sauka gaba ɗaya, saboda riyal ba ya motsi.

Fam ɗin Masar shi ma faɗuwa yake yi, kuma wannan na ɗan rage zafin. A Maris 2024 ya tashi daga kusan 31 kan dala zuwa wajen 50. Amma kar a ɗauka an yi canjaras. Naira 300,000 ɗin nan ta kai fam 20,000 a Mayun 2023, bayan Maris 2024 ta dawo wajen 10,000, alhali hauhawar farashi a Masar ta taɓa kashi 38 cikin ɗari a Satumban 2023. Masu gidajen haya a unguwannin baƙi irin su Madinatu Nasr da Sitta Oktoba kuma sun ƙara kuɗi sosai bayan yaƙin Sudan ya turo jama'a a 2023. A gida ma tsada na ci, ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Bambancin shi ne a Kano ba ka biyan haya, ba ka biyan kuɗin takarda, kuma 'yan hayarka kana iya ƙara musu gwargwadon kasuwa. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram lissafinsu ya ɗan bambanta, tunda sefa a ɗaure take da yuro, sai dai ƙanƙantar fanshon ita ce tasu matsalar.

Wannan ne ya sa sayar da gidan haya shi ne mafi haɗari a duk shirin naka. Shi kaɗai ne abin da ka mallaka da ke bin farashi yana hawa. Ka mayar da shi kuɗin takarda, ka zauna da fansho tsura.

Maganar lafiya tana bukatar a tsaya a kanta. Asibitocin Saudiyya sun fi namu kayan aiki nesa ba kusa ba, amma kyautar ta 'yan ƙasa ce. Baƙo mazauni dole ya sayi inshora, kuɗinta kuma yana tsalle da zarar an haura sittin. Za a ba ka fom ka bayyana ciwon da kake da shi. Ka faɗi suga da hawan jini, kuɗi ya ƙaru. Ka ɓoye, ranar da ƙoda ta taɓu su ƙi biya. A Masar likitoci sun wadata, magani da yawa a can ake yin sa, shi ya sa mutanenmu ke cika jirgin Kano zuwa Alƙahira neman magani. Amma zuwan sati uku a yi aiki a dawo daban ne da zama. Asibitin kuɗi ba ya ba da gado sai an ajiye kafin alƙalami, kuma ƙarancin dala ya jawo yankewar wasu magunguna a 2023 da 2024. A gida kayan aiki ne matsala, ga yajin aiki, ga wuta. Ma'aikaci da yawa kuma sai ya ajiye aiki yake gane cewa inshorar ofis ta tsaya a nan, sai ya sake shiga wani tsarin da kuɗinsa.

Akwai abin da ba ya shiga lissafin kowa, wato jinya. Mutum ya kwanta sati uku a asibitin Malam Aminu Kano, ƙanne da 'ya'ya da surukai suna karɓa-karɓa, wannan ya kwana, wancan ya kawo kunu da asuba, wani ya bi layin magani. A Madina ko Alƙahira Hajiya ce kaɗai, da yara biyu da za a kai makaranta, da Larabcin asibiti wanda ba shi ne na Islamiyya ba. Idan ita ce ta kwanta, kai ne. A tambaye ta ra'ayinta ita kaɗai, ba a gaban mutane ba, domin ita ce za ta bar biki da suna da 'yan uwanta ta zauna a bene hawa na huɗu.

Mun san abin da ke jan zuciya zuwa Madina: salla a Masallacin Annabi, da fatan a kwanta a Baƙi'a. Buri ne mai daraja, Allah ya cika. Sai dai a tuna da waɗanda za a bari. Mazauni ya rasu a Saudiyya, ana rufe asusunsa na banki sai kotu ta fitar da takardar ƙididdige magada. A Masar ma sai an yi irin wannan takarda kafin a taɓa gida. Magadan da ke Najeriya sai sun tanadi takardu, an fassara su da Larabci, an buga hatimin ma'aikatar harkokin waje a Abuja da na ofishin jakadanci. Mai 'ya'ya goma sha biyu daga ɗaki uku ya san abin da tara sa hannunsu yake nufi. 'Ya'yan da suka manyanta kuma ba sa shiga ƙarƙashin takardar uba, ƙananan ma wata rana za su fita daga cikinta.

Ko ina ka zaɓa, akwai abin da za ka yanke a ofishin PFA ɗinka, wato kamfanin da ke kula da asusun fanshonka. Bayan dunƙulen kuɗin da za a fara ba ka, ko dai a riƙa cirar maka wata-wata daga asusunka, abin da ya rage ya zama na magada, ko a miƙa wa kamfanin inshora ya biya ka har rasuwa, da lamunin shekara goma. Ana iya tashi daga na farko zuwa na biyu, ba a dawowa. Dukansu a asusun naira suke sauka. Kar ka bar layin wayar da ke haɗe da BVN ya mutu, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi ana ba wani, lambobin sirrin bankinka su riƙa zuwa wayar baƙo. Katin naira ma ba abin dogaro ba ne a waje: bankuna sun dakatar da shi a 2022, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka.

A ganinmu, zaman dindindin a Madina na wanda ke da kuɗin shiga na dala ne, ko 'ya'yan da ke aiki a can da za su ɗauki nauyi. Alƙahira za ta yiwu idan za ka iya fitar da dala 50,000 ba tare da ka taɓa gidan haya ba, kuma akwai wani abu da ke shigowa bayan fansho. Da bayanin da ka bayar, abin da ya fi dacewa da kai shi ne gida ya zama mazauni, Madina ta zama wurin doguwar ziyara. Bizar Umara tana ba da zaman kwana 90, jirgi daga Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne, kuma kuɗin shekara ɗaya da 'yan hayarka ke biya na iya ɗaukar wata biyu ko uku idan an kauce wa Ramadan, an kama ɗaki mai kicin nesa kaɗan da Harami ana hawa bas.

Gani ya kori ji. A hutunka na bana ka gwada wata guda, da Hajiya, kuna dafa abincinku. Madina a je ta a Yuli ko Agusta, lokacin da zafi ke haura digiri 40, Alƙahira kuma a Janairu da sanyinta. Ka sayi maganinka a kantin magani na can, ka nemi kamfanin inshora ya rubuta maka farashi da shekarunka da ciwonka na gaskiya, ka rubuta duk abin da ya fita da riyal ko fam. Kafin tafiyar ka naɗa wakili a rubuce a kan gidan haya, kuɗin ya riƙa shiga asusunka kai tsaye, ba ta hannun ɗan uwa ba.